Tambayoyinku kan Saba: Wa ya ce ku sa 777?

Tambaya daga Zariya: Malam, na rubuta ɗan shirin Bash mai kwafe rumbun bayanan shafina, na sa shi a cron, mai tayar da shirye-shirye a lokacin da aka tsara, ƙarfe uku na dare, amma sai ƙarfe huɗu yake tashi.

Amsa: Agogon sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, na kan lokacin duniya na UTC ne, mu kuwa a Najeriya da Nijar mun riga shi da awa ɗaya. Ko ka mayar da 3 ɗin nan 2, ko ka buga timedatectl set-timezone Africa/Lagos, ka sake tayar da cron.

Tambaya daga Maraɗi: WordPress ya ƙi loda hoto, wai ba shi da izinin rubutu. Abokina ya ce in buga chmod -R 777 a kan foldar shafin gaba ɗaya. Na buga, komai ya daidaita. Da matsala?

Amsa: Subhanallahi! Ɗan'uwa, wannan abokin naka kada ka ƙara ba shi aron kwamfutarka. Makulli ya cije, kai kuma ka tumɓuke ƙofar gidan kana murna shiga ta yi sauƙi.

Dubi lambobin. Izinin karatu 4 ne, rubutu 2, aiwatarwa 1, su ne suka haɗa 7. A 777, lamba ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta kowa da kowa. Wato yanzu duk wani asusu ko shiri da ke kan wannan saba zai iya sauya fayilolinka, har da wp-config.php mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayananka. In masaukin haɗaka kake haya, tare da shafukan mutanen da ba ka taɓa gani ba, abin ya ƙara muni. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ana ta yaɗa wannan shawara a tsakanin masu koyo kamar magani.

Matsalarka ta mallaka ce. Da alama da root, babban asusun saba, ka ɗora fayilolin, alhali a Ubuntu da Debian, Apache da PHP da asusun www-data suke aiki. Gyara shi yau da umarnin sauya mai fayil: chown -R www-data:www-data wp-content/uploads. Sannan foldoji su koma 755, fayiloli 644, wp-config.php kuma 640 da rukunin www-data. Umarnin find zai yi maka wannan cikin ƙiftawar ido, ba sai na rubuta maka ba. Ka kuma leƙa cikin uploads. Hotuna da takardu ake ajiyewa a can, in ka tarar da fayil ɗin .php da ba ka san da shi ba, mai yiwuwa an riga an shigo maka, sai ka dawo da tsohon kwafi ka sauya kalmomin sirri duka. Kuma ka daina shiga da root kamar ɗakin barcinka, buɗe asusu mai sudo, wato mai aron ikon root in buƙata ta taso, ka riƙa shiga da makullin SSH, hanyar shiga saba daga nesa.

Tambaya daga Kumasi: Kwaɗon HTTPS na shafina ya ɓace bayan wata uku.

Amsa: Takardar shaidar HTTPS ta Let's Encrypt kwana 90 take yi, da alama taka ta ƙare ba a sabunta ta ba. Buga certbot renew --dry-run, ka karanta abin da ya faɗa maka. Yawanci tashar 80, wadda ake bi wajen sabunta takardar, kuke toshewa ku manta.