Tambaya da Amsa: Wace rigar iska ta dace da mai nutso matafiyi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na koyi nutso da tulun iska, kuma ina shirin zuwa Bahar Maliya. Rigar iskata, wadda ake kira BCD, wato wadda ke riƙe tulu a baya kuma ake hura mata iska ko a rage don daidaita nauyi a cikin ruwa, ta kusa kilo 4, ga shi kilo 23 kawai kamfanin jirgi ya ba ni na kaya. In sayi mara nauyi ta tafiye-tafiye, ko akwai haɗari a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Rigar tafiya tana tsakanin kilo 2 zuwa 2 da rabi, kuma tana naɗuwa ta shige lungun akwati. Amma, ɗan'uwa, kafin ka ɗora ta a sikeli, duba ƙarfin ɗagawarta, yana rubuce a jikinta. Yawancinsu kilo 11 zuwa 14 suke ɗagawa.

Ga lissafin. Tulun alminiyam mai lita 11, idan an cika shi zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), iskar da ke ciki kaɗai ta kai kusan kilo 2 da rabi, kuma dole rigar ta ɗauki nauyin nan a farkon nutso. Sannan kayan roba da ke jikinka suna matsewa yayin da kake yin ƙasa, ƙarfinsu na ɗaga ka ya ragu, rigar ce za ta cike giɓin. Kayan roba mai kaurin milimita 3 a ruwan ɗumi abin da yake rasawa kaɗan ne, kilo 11 ya wadatar. Mai milimita 7 da tulun ƙarfe a ruwan sanyi kuwa wata magana ce daban: a mita 30 za ka iya cika rigar tim, ka ji har yanzu ana jan ka ƙasa. Wanda ke shiga irin wannan ruwa kada ya kuskura ya dogara da ƙaramar riga.

Yawancin rigunan tafiya jakar iskarsu a baya take. A ƙarƙashin ruwa tana shimfiɗa ka daidai, amma a saman ruwa, idan ka cika ta da yawa, sai ta riƙa kifa fuskarka. Rage iskar, ka jingina baya, ka kuma mayar da kilo 1 ko 2 na dalmar da kake ɗaurawa don ƙara nauyi cikin aljihun da ke ɗamarar tulu.

Ɗamarar nan ita ce inda masu ƙera riguna suka fi yin tsimi. Wasu guda ɗaya suke sakawa, ga bayan rigar laushi, babu faranti mai ƙarfi, sai tulu ya riƙa lilo ko ya sulluɓe. Nemi mai ɗamara biyu. Kuma ka jiƙa ta kafin ka ɗaure, domin busasshiya tana sakin jiki da zarar ta sha ruwa. Duba bawul ɗin fitar da iska: a ganina, rigar da ba ta da ɗaya a kafaɗa da ɗaya a ƙasan baya ba abin saya ba ce, ko da nauyinta bai kai na tawul ba. Ka tabbatar kuma aljihun dalma zai ɗauki adadin da kake sakawa, kuma yana fita da fizga ɗaya.

Da ka isa, gwada dalmarka tun daga farko, domin sabuwar riga tana sauya lissafi. Da iska bar 50 a tulu, riga babu iska, ya kamata ka iya tsayawa cak a mita 5 na minti 3 ba tare da kokawa ba.

Tambaya: Malam, farantin bayan riga, wanda ake ɗaure tulu a jikinsa, na ƙarfe ya fi ko na alminiyam?

Amsa: Na ƙarfe ya kai kusan kilo 2 da rabi, na alminiyam bai cika kilo 1 ba. Ga matafiyi, alminiyam. Nauyin da ka rage za ka mayar da shi da dalma, ita kuwa a wurin nutso ake samunta, ba sai ka biya mata kuɗin jirgi ba. Kafin dawowa, zuba ruwan daɗi cikin jakar iskar rigar ta bakin tiyo, ka girgiza, ka zubar, don gishiri idan ya bushe yana cin jakar yana kuma maƙale bawul. Hura mata iska kaɗan, ka shanya a inuwa kwana guda kafin ta shiga akwati.