Ina son canza mota, amma cikon da ake nema ya tsaya mini a rai

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Ina da Corolla ƙirar 2010 mai giyar otomatik, irin ta Amurka, kuma Beljiyam na saye ta, wato wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita. Yanzu ta yi tafiyar mil 148,000. Injinta ba ya shan baƙin mai, giya ba ta fizga, takardun kwastan na asali suna hannuna tare da makulli biyu. Fentinta na asali ne, in ban da ƙofar baya ta dama da aka taɓa bugawa aka fesa. Aibinta kuwa, wutar gargaɗin inji tana kunne, AC ya rage sanyi, shokozoban gaba sun fara ƙara, bamban baya kuma ya kwarzane.

Ina son in koma Corolla ƙirar 2016. Mai gidan sayar da motocin abokin maigidana ne tun suna yara. Ya ce tasa miliyan 15, zai karɓi tawa a miliyan 5, in cika miliyan 10. Daga baya ƙanina ya je wurin, ba su san alaƙarmu ba, ya yi cinikin motar nan kuɗi hannu, yaran gidan suka sallama masa a miliyan 14 da dubu 200. A gefe guda wani abokin aikina ya taya tawa miliyan 6, sai dai zai ba da 4 yanzu, sauran 2 bayan wata uku.

Maigidana ya ce kada in ba shi kunya a gaban abokinsa, in karɓa kawai tunda ba baƙo ba ne. Ni kuma kuɗin nan adashi ne da tanadin shekaru. Anti, miliyan 5 ɗin nan adalci ne? In gyara motar kafin in bayar, ko in bar ta yadda take? Ko in sayar wa abokin aikina?

Ƙanwarki a Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Abin da ƙaninki ya jiyo ya riga ya ba ki amsar tambayar farko. Ba miliyan 5 aka saya motarki ba. Idan motar da kike so tana fita a miliyan 14 da dubu 200, ke kuma za ki cika miliyan 10, to taki ta tafi a miliyan 4 da dubu 200. Dubu 800 ɗin da aka ƙara wa taki a baki, an riga an ɗora su a kan tasa. Wannan tsohuwar dabara ce a musayar mota, kuma tana ci ne saboda mai tsohuwar mota ya fi sa ido a kan nawa aka taya tasa. Lambar da za ki riƙe ita ce ciko, wato abin da zai fita daga asusunki. Duk wanda ya ce zai ƙara wa taki kuɗi, tambaye shi ciko ya koma nawa.

Don haka ki raba cinikin gida biyu. A fara tsayar da kuɗin 2016 ɗin kamar ba ki da wata mota, a rubuta. Sai a zo kan taki, ita ma a yi cinikinta kamar ba abin da za ki saya a wurin.

Kafin nan sai kin san abin da taki take yi a kasuwa yau. Kada ki auna da kuɗin da kika saye ta. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗin shigo da mota ya tashi sosai, na hannu ma suka bi sahu, kuma cire tallafin fetur a shekarar ya sa ƙananan motoci marasa shan mai irin taki suka ƙara farin jini. Ki shiga Jiji, shafin tallan kaya na intanet, ki duba Corolla 2009 zuwa 2011 na hannu, ba na Beljiyam ba, masu giya irin taki, a Kaduna da Kano da Abuja. Ki tara kamar goma, ki watsar da mafi tsada da mafi araha, ki duba inda sauran suka taru. Ki tuna kuɗin da aka rubuta a talla na nema ne, na sallamawa yana ƙasa da shi. Daga nan a kai motar gidajen sayar da mota uku da ba su san ku ba, a ce musu sayarwa za a yi kuɗi hannu. Tayin da ya fi a cikinsu shi ne ƙasan farashinki. Ba dalilin da zai sa abokin maigidanki ya karɓe ta ƙasa da abin da bare zai biya.

Sai dai ki yi masa adalci shi ma. Ba zai taɓa biyan abin da mai hawa zai biya ba, domin shi sayarwa zai yi. Zai gyara, zai ajiye ta ta ci wuri da wanki, zai ba dillalin da ya kawo mai saye la'ada, sannan ya ci riba. A misali, idan bincikenki ya nuna tana fita a miliyan 6 da dubu 200, gyaranta ya kama dubu 400, ya ware dubu 500 na riba da la'ada, to miliyan 5 da dubu 300 tayi ne na mutunci. A cire shi daga miliyan 14 da dubu 200, ciko ya zama miliyan 8 da dubu 900. Kin ga tsakanin wannan da miliyan 10 akwai miliyan ɗaya da dubu ɗari, kuma kuɗin gumi ne.

Batun gyara kuwa, a nan mutane suka fi asara ta fuska biyu: wasu su kai mota da datti da aibin da ba su san girmansa ba, wasu su zuba kuɗin da ba zai dawo ba. Wutar gargaɗin injin nan ita ce babbar ƙofar da za a karya miki farashi, domin muddin ba ki san dalilinta ba, mai saye zai ƙiyasta mafi muni. Ki kai wa mai kwamfuta ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari, ya rubuta miki lambar da ta fito. Sau da yawa abu ne mai sauƙi, kamar filogi ko kwayil ɗaya, ko na'urar auna iska ta jikin salansa, ko ma murfin tankin mai da ba ya rufuwa da kyau. Irin wannan ki gyara. Idan kuwa P0420 ta fito, maganar matatar hayaƙi ce, wadda makanikai ke kira indomi: ko ta gaji, ko an taɓa fasa ta an kwashe cikinta. Ta asali tana da tsada, don haka kada ki saya. Ki karɓi ƙiyasin kuɗinta a rubuce ki riƙe, in an zo rage kuɗi a rage daidai shi. Kada ki yarda a goge lambar kawai ko a cire ƙwan wutar. Mai saye da ya san aiki zai gani a kwamfuta cewa kwanan nan aka goge, wutar ma za ta dawo bayan 'yar tafiya. Ban da haka ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin dawo da kaya in ya gano.

AC a duba inda yake yoyo. In tiyo ne ko roba, a canza a ɗura gas, domin a zafin Kaduna mai saye yakan kunna AC kafin ya saurari inji. In kwamfiresa ce, ki bar ta ki faɗa. Shokozoba ma ƙiyasi kawai za ki karɓa, gidan mota sun fi ki samunsu da araha. Ki sa makanike ya leƙa famfon ruwa, irin injin nan na 1.8 yakan yi ɗigo a wurin, za a ga busasshen ruwa ja-ja a gefensa. Bamba roba ce, ana iya fesa ta ita kaɗai ba tare da an zargi komai ba. Amma kada ki kuskura ki yi wa motar fenti gaba ɗaya. Fentin asali kuɗi ne a kasuwarmu, sabon fenti kuwa sai a ɗauka haɗari ake rufewa. Ƙofar da aka fesa ki nuna ta da kanki tun kafin su gano. Sauran duk ƙananan abubuwa ne masu tasiri: wankin ciki da kujeru, ƙwan fitilar da ya mutu, robar share gilashi, safaya da jak a but. Kada ki sayi sababbin tayoyi huɗu don wani ya more.

Takardunki ma kuɗi ne. Motar da ke da takardar kwastan ta asali da shaidar mallaka da lasisi mai rai da makulli biyu ta fi wadda ba ta da su daraja nesa ba kusa ba, don haka ki ambace su a ciniki. Kwafi za ki riƙa nunawa, na asali su zauna a gida sai ranar biya.

Ita ma 2016 ɗin a bincike ta, domin in kin ci riba a taki kika sayi mai ciwo, ba a yi komai ba. Lambar jikin mota tana da harafi da lamba 17, kuma a motocin Amurka na goma shi ke nuna shekara. Na 2016 G ne, taki ta 2010 za ki ga A. In kin ga E, to 2014 ce, ko da an canza mata fitilu da bamba. Ki sa lambar a Google, sau da yawa hotunan gwanjon da aka sayo ta a Amurka suna fitowa, ki ga irin bugun da ta sha ko ruwa ne ya ci ta. A tantance takardar kwastan ɗinta a ofishin kwastan. Yawancin Corolla na waɗannan shekarun giyar CVT gare su, wani nau'in otomatik ne, man giyarsu daban ne da na taki, don haka makanikenki, ba na gidan ba, ya tuƙa ta har ta yi zafi ya saurari ko tana kuka ko jinkirin ɗauka.

Tayin abokin aikinki ya fi kowanne a lissafi, domin da shi cikonki miliyan 8 da dubu 200 ne. Amma ni ban so miki shi yadda yake. Na farko, ranar sayen sabuwar sai kin nemo miliyan 10 da dubu 200, tunda 4 kawai ke hannu. Na biyu, mota tana hannunsa wata uku, in ta lalace ko ta yi haɗari, biyan sauran zai zama rigima, ga shi kullum kuna haɗuwa a wurin aiki. In kin riƙe takardu don tsaro, motar tana yawo da sunanki ke nan. Ki ce masa ya kawo kuɗi duka ki sauko masa zuwa miliyan 5 da dubu 700 ko 800. In ya kasa kuma kin ga lallai shi za ki sayar wa, a rubuta bashin da ranar biya da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, a kuma samu mai tsaya masa.

Maigidanki kuma kada ki tunkare shi da cewa abokinsa ya cuce ki. Mai yiwuwa farashin farko ya faɗa yana jiran a taya, kunya ta hana kowa magana. Ki zauna da shi da takarda, ki nuna masa lambobi uku: abin da aka sallama wa ƙaninki, tayin gidajen nan uku, da cikon da ya kamata. Ki roƙe shi ya bar ƙaninki ko makanikenki ya yi cinikin, shi ya tsaya gefe, abotarsu ba ta taɓu ba. Abin da za a faɗa wa mai gidan kaɗan ne: "Alhaji, mun fi son kuɗinmu ya zauna a wurinka. An sallama wannan a kaza, an taya tamu kaza a waje, ga abin da za mu iya cikawa." In ya ce albarka, a yi godiya a sayar da taki a waje, a dawo a sayi tasa kuɗi hannu in har ta ci jarrabawar makanike.

Ranar da aka daidaita, kada ki bar motarki a gidan da sunan za a sayar miki ba tare da takarda ba, domin a irin wannan ajiya ne ake hawan mota ko a musanya mata batir. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar jiki da lambar inji da lambar rajista ta kowace mota, da kuɗin kowacce daban, da ciko, da rana da lokacin miƙa makulli, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In akwai dillali a tsakani, a yanke la'adarsa da wanda zai biya tun kafin a sallama. In ke za a turo wa kuɗi, ki buɗe manhajar bankinki ki gan su da idonki, kada ki dogara da saƙon waya ko hoton rasit. Sannan ki sa a cikin yarjejeniyar cewa za a yi canjin mallaka a ofishin lasisin motoci cikin mako biyu, a kawo miki kwafin sabuwar takardar.

Anti