Tambayi Likita: Rigakafin manya da masu fama da wata lalura

Wasiƙun wannan makon duk a kan allurar rigakafi suke, kuma babu ko ɗaya da ta shafi jariri. Manya ne ke tambaya don kansu ko don wani nasu da ke jinya. Na ji daɗin haka ƙwarai, domin a wajenmu da zarar yaro ya wuce allurar ƙyanda sai a jefa kati ƙasan akwati, alhali mai sikila da mai ciwon suga da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sun fi mai cikakkiyar lafiya bukatar kariya.

Likita, 'yata sikila ce, shekararta 19. An yi mata duk alluran jarirai, katinta ma yana hannuna. Wata nas ta ce akwai sauran rigakafin da ya kamata a yi mata. Gaskiya ne, ko neman kuɗi ne kawai? Daga wata uwa a Funtuwa.

Hajiya, nas ɗin nan ta faɗa miki gaskiya. Katin 'yarki ya cika bisa tsarin lokacin da aka haife ta, amma tsarin ya canja bayan nan. Sai a 2012 Najeriya ta fara allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, wadda ke ɗauke da kariya daga ƙwayar Hib mai kawo namoniya da sanƙarau, ita kuwa allurar namoniya sai ƙarshen 2014 aka fara shigar da ita, jiha bayan jiha. Ke nan duka biyun sun wuce 'yarki.

Ga dalilin da ya sa abin ya fi muhimmanci a kanta. Saifa ita ce ke tace jini tana kama wasu ƙwayoyin cuta masu kauri a bayansu, irin waɗanda ke kawo namoniya da sanƙarau da gubar jini. A jikin mai sikila, jinin da ke lanƙwashewa yana toshe ƙananan jijiyoyin saifa tun ana yara, ta yi ta ƙanƙancewa har ta daina aiki. Shi ya sa ciwon da wani zai kwana biyu yana fama da shi ya miƙe, mai sikila zai iya kayar da shi tsakanin safiya da dare.

Ku fara da ta namoniya. Tsarin da aka saba shi ne a yi PCV13, bayan mako takwas a yi PPSV23, sannan a maimaita ta biyun bayan shekara biyar. Akwai sabuwa, PCV20, wadda guda ɗaya ta wadatar, sai dai ba ko'ina ake samunta ba. Sai ta Hib sau ɗaya, da ta sanƙarau mai nau'i huɗu ko biyar. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai kare nau'i biyar, kuma a gangamin da ake yi ana ba 'yan shekara 1 zuwa 29 kyauta, don haka in ya zo garinku kada ya wuce ta. Ta ciwon hanta nau'in B ma a duba ko an kammala, tunda mai sikila ba ya rabuwa da yiwuwar ƙarin jini.

Na san kuɗin ba kaɗan ba ne, domin yawancin waɗannan ba a yi wa manya kyauta. In ba za a iya duka lokaci guda ba, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a tuntuɓi asibitin da take zuwa ganin likitan sikila. Kuma ko an yi duka, zazzaɓin da ya kai 38.5 a jikinta ba na zaman gida da farasitamol ba ne. Asibiti za a nufa a ranar, ko da tsakar dare ne.

Maigidana ya je ba da jini aka ce yana da ciwon hanta nau'in B. Shekararmu shida da aure, 'ya'yanmu uku. Rigakafi zai yi mini amfani yanzu? Kuma in ware masa kwanonsa? Daga H. A., Bauchi.

'Yar'uwa, kada ki ware masa kwano. Wannan ciwo ba ya bin abinci ko gaisawa ko zama wuri ɗaya. Ta jini yake bi, da kwanciyar aure, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Abin da za a raba shi ne reza da abin yanke farce da buroshin haƙori, kuma in zai je wajen wanzami ya tafi da askarsa.

Kafin allura, gwaji tukuna. Ki nemi a yi miki gwajin jini na HBsAg, mai nuna ko kina ɗauke da ƙwayar cutar, in da hali a haɗa da anti-HBs da anti-HBc, masu nuna ko kina da kariya ko kin taɓa kamuwa. Abu uku ke iya fitowa. Wataƙila kin taɓa ɗauka jikinki ya kore ta da kansa, kamar yadda ke faruwa ga kusan kashi 95 cikin 100 na manyan da suka kamu, to kin riga kin samu kariya. Wataƙila kina ɗauke da ita, to allura ba ta warkarwa, bibiyar likita kike bukata. In kuwa ba ki taɓa haɗuwa da ita ba, sai a fara nan take: ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida daga ta farko. Ku yi amfani da kwaroron roba har a gama, sannan bayan wata ɗaya ko biyu a auna a ga jikinki ya karɓa.

Yaran uku a gwada su, haka abokiyar zamanki in kina da ita. Wannan magana ce mai nauyi a gida, na sani, amma ɓoye ta zalunci ne. In kuma Allah ya kawo wani rabon, jariri ya samu allurar hanta cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haihu. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma ciwon kan zauna musu har girma, kuma daga nan ne akasarin ciwon dajin hanta da muke gani a samari ke tasowa. Shi kuma maigida ya rabu da jiƙe-jiƙen da ake tallar suna wanke hanta, ya nemi likitan da zai riƙa duba shi.

Shekara huɗu ina shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, lafiyata ƙalau. Bana na samu kujerar Makka. Ina tsoron alluran da ake yi wa maniyyata, kuma wani ya ce zai samo mini katin rigakafin zazzaɓin shawara ba tare da allura ba. Me ka gani? An sakaya suna, Kano.

Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Tsoronka yana da tushe, amma sayen kati ba shi ne mafita ba.

Alluran rigakafi kashi biyu ne. Akwai waɗanda babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu, kamar ta sanƙarau da ta hanta da ta namoniya da ta tetanus. Waɗannan ba za su iya sa maka cutar ba, komai raunin garkuwarka. Akwai kuma masu ƙwaya mai rai da aka raunana, kamar ta zazzaɓin shawara da ta ƙyanda da ɗigon shan-inna. Su ne ake taka-tsantsan da su.

Ta sanƙarau ka yi ba tare da fargaba ba, aƙalla kwana goma kafin tafiya. Saudiyya ta tsananta a kan mai nau'i huɗu ne bayan ɓarkewar nau'in W135 a tsakanin alhazai a 2000 da 2001, lokacin da mutane suka koma ƙasashensu da cutar suka sa wa iyalansu. Ka tuna yadda ake kwana a tantunan Mina, kafaɗa da kafaɗa, kowa na tari.

Ta shawara kuwa, adadin CD4 ɗinka, wato ƙwayoyin garkuwa da ake aunawa a jininka, shi ne zai yanke hukunci. In ya kai 200 ko ya haura kuma ba ka da wata alamar ciwo, ana iya yi maka. In bai kai ba, ba a yi, sai likita ya rubuta maka takardar uzuri ta hukuma. Ka bincika tsofaffin takardunka ma, domin tun Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta amince allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In an taɓa yi maka, an gama. Na shan-inna kuma ka tambaya ko akwai na allura maimakon ɗigo. Sharuɗɗan kan ɗan canja kowace shekara, sai ka bi sanarwar hukumar alhazai ta jiharku.

Katin bogi zai iya wuce da kai filin jirgi, amma ba zai hana sauro cizonka ba, kuma zazzaɓin shawara yana nan a ƙasar nan: ya sake ɓulla a 2017, a 2019 kuma ya yi kisa a yankin Alƙaleri na Jihar Bauchi. Ka keɓe da likitan da ke ba ka magani, shi ya san sirrinka tun farko, ku tsara komai tun kafin ranar layin maniyyata.

Cikina wata bakwai, ban fara awo da wuri ba. A cikin da ya wuce sau ɗaya aka yi mini allurar tetanus. Sai na sake daga farko? Daga Z. M., Maraɗi.

A'a, ba a sakewa. Waccan tana nan a lissafi, ki je da katinki gobe a yi miki ta biyu, domin ana so ta shiga aƙalla mako biyu kafin haihuwa don jariri ya samu rabonsa. Ta uku bayan wata shida, ta huɗu da ta biyar shekara-shekara. Biyar ɗin suna kare ki duk tsawon shekarun haihuwa. Allurar da ake yi yanzu tana haɗe da ta mashaƙo, cutar da ta addabi Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022. Masu ƙwaya mai rai, kamar ta ƙyanda, su ake dakatarwa sai an sauka. Ki faɗa wa maigida shi ma, in manomi ne ko mai aikin ƙarfe: ƙusa ko fartanya ta ji masa rauni mai datti, in ya wuce shekara biyar rabonsa da allurar, a ƙara masa.

Ina shan prednisolone saboda ciwon gaɓɓai. An zo gangamin allurar shawara unguwarmu, na ƙi fita. Na yi daidai? Daga Maman Ummi, Gusau.

Ya danganta da yawan da kike sha. Wanda ke shan miligiram 20 ko fiye kullum har mako biyu ko sama, ba a yi masa allura mai ƙwaya mai rai sai ya yi wata ɗaya da dainawa. Wanda ya yi maganin ciwon daji na ƙarin ruwa kuwa sai bayan wata uku aƙalla. In ƙaramin awo kike sha, likitanki na iya ba ki izini, amma ki gaya masa duk sauran magungunanki, domin wasu na ciwon gaɓɓai kamar methotrexate su ma suna danne garkuwa. Kada ki tsayar da maganin da kanki don ki samu allura, yanke shi farat ɗaya yana da haɗari. Marasa rai kuwa ki yi su, kuma mutanen gidanki su kammala nasu, kariyarsu taki ce.

Bari in ja kunnen 'yan matan da ke shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu dexamethasone ne, ɗan'uwan wannan maganin, har ya fi shi ƙarfi. Mai shan su garkuwarta a danne take ba ta sani ba, kuma ba za ta faɗa wa mai allura ba saboda ba ta ɗauke shi magani ba. Ki faɗa.

Shekarata 64, ina da ciwon suga. Ɗana yana so ya sayo alluran a kemis, maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya ya yi mini a gida. Akwai matsala? Daga Malam S., Zariya.

Baba, Allah ya yi wa ɗan nan albarka, niyyarsa mai kyau ce. Abin da ya dace da kai shi ne ta namoniya, ta tetanus saboda ciwon ƙafa da ke wahalar warkewa ga mai suga, ta mura ta shekara-shekara in an samu, sai ta hanta in likitanka ya ga dacewarta, musamman in ana haɗa abin huda yatsa da wani ko ƙoda ta fara taɓuwa.

Yi a gida ne ban yarda da shi ba. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har hannun mai yi. Zafi na kashe ta, ƙanƙara ma na lalata ta hanta da ta tetanus, kuma ido ba ya gane wadda ta lalace. Kemis ɗin da wuta ke ɗaukewa yini guda ba zai iya ba ka tabbaci ba. A yawancin kwalaben asibitin gwamnati za ka ga ɗan da'ira mai murabba'i fari a tsakiya. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, zafi ya taɓa allurar, zubar da ita ake yi. Kana da haƙƙin cewa a nuna maka.

Sannan akwai wanda jikinsa kan ƙi allura nan take, numfashi ya sarƙe. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru allurar adrenaline ake bukata cikin mintuna, shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 kafin a tafi. Ka je asibitin da kake karɓar maganin suga, ka ci abincinka ka sha maganinka kamar kullum, a rubuta maka sunan allura da kwanan wata da lambar kwalba a kati. Suga na iya ɗan hawa kwana ɗaya ko biyu bayan allura, sai ka ƙara yawan aunawa a waɗannan kwanakin.