Bindigar dala 2,000 da ta dala 700: me ake saya da ragowar kuɗin?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Houston: "Assalamu alaikum Malam. Shekarata tara a Texas ina tuƙin babbar mota. Abokan aiki sun yi ta ja na filin koyon harbi ranar Asabar har abin ya shiga raina, yanzu ina so in sayi tawa. Na ga Daniel Defense DDM4 V7 a wajen dala 2,000, ga kuma Smith & Wesson M&P15 Sport da ake samu a 700 da 'yan kai. A ido duk kamarsu ɗaya. Wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin mu taɓa maganar kuɗi, ba ka faɗa mini irin takardar zamanka ba, kuma nan ne gizo yake saƙar. In kai ɗan ƙasa ne ko kana da girin kad (takardar zama na dindindin), dokar tarayya ta ba ka dama. In biza ce ta karatu ko ta aiki, asalin hukunci haramci ne, sai 'yan keɓance-keɓance kamar mai riƙe da lasisin farauta. A shagon dila za a miƙo maka fom mai lamba 4473, sannan a tura sunanka ga hukumar FBI ta duba tarihinka. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne. Haka nan kada wani aboki ya ce ka saya masa da sunanka: tun dokar 2022 hukuncin wannan yana iya kai shekara 15 a gidan yari. Ka kuma tuna kai direba ne. Abin da Texas ta halatta, Kalifoniya da New York da Illinois sun hana sayar da shi a wannan siffa, don haka kada ka jefa ta a mota ka yi ta ƙetare jihohi kanka tsaye.

Duka biyun 'ya'yan gida ɗaya ne, samfurin AR-15 da Eugene Stoner ya zana wa kamfanin ArmaLite a shekarun 1950. Duk danna kunama harsashi ɗaya ne yake fita, sai bindigar ta tofar da kwanso ta ɗora wani da kanta. Ba irin ta soja mai ɓarin wuta ba ce.

Yawancin kuɗin Daniel Defense yana cikin bututun. Inci 16 ne, mafi gajarta da dokar tarayya ta yarda da shi ba tare da rajista ta musamman ba. Yadda suke ƙera shi, ana zura sanda mai zanen cikin bututun, injina su yi ta dukan ƙarfen daga waje da sanyinsa har ya ɗauki siffar, sannan a shafe cikin da kurom don ya jure zafi da tsatsa. Mariƙin gaba ba ya taɓa bututun, saboda haka ko ka jingina shi a kan benci saitinka ba zai goce ba. Ramin da ke mayar da hayaƙin harbi baya an ɗan matsar da shi gaba, shi ya sa dukanta a kafaɗa yake da taushi. Nauyinta bai cika kilo 3 ba. Aiki ne mai kyau, ba na musu. Sai dai masu arhar ma sun fara zuwa da irin wannan mariƙi da irin wannan ramin hayaƙi, tazarar ba ta kai ta da ba.

Yanzu ɗauko biro. Harsashi ɗaya na 5.56, irin wanda waɗannan bindigogi suke ci, yana kai wajen rabin dala. Irin wancan bututu mai tsada sai ya ci harsashi dubu goma ko fiye kafin ya fara gajiya, wato ka ƙona dala 5,000 ke nan kafin ka mori ƙarkon da ka biya. Mai zuwa fili sau biyu a wata ya harba ɗari ɗari, ko mai arhar ba zai ga bayanta da wuri ba.

Ga abin da ba a faɗa a talla: DDM4 V7 tana fitowa daga kwali ba madubin saiti, ko ƙarfen saiti ma babu. Na kirki zai ci maka dala 200 zuwa 500. Kunamarta ta gama-gari ce, da yawa suna cirewa su sa ta kamfanin Geissele a kan fiye da dala 200. Na taɓa tsayawa kusa da wani bawan Allah a fili, bindigarsa sabuwa dal tana ƙyalli, ya ɗora mata wani madubi na kwabo da ahu da yake kwancewa bayan kowane harbi biyar. Dattijon da ke gefensa, da tsohuwar bindiga duk fenti ya goge, yana ta tara ramuka a wuri ɗaya da tafin hannu zai rufe.

Da ni ne, kuma ta farko ce, zan ɗauki ta 700. Ragowar in raba: madubi mai kyau, akwatin ƙarfe mai makulli, kwas wajen ƙwararren malami, sai harsashi. Akwatin nan ba ado ba ne in kana da yara. A Texas laifi ne ka bar bindiga da harsashi a ciki inda yaro ɗan ƙasa da 17 zai kai hannu. Bayan shekara biyu, in har yanzu Asabar ba ta wuce ka, lokacin ka san abin da hannunka yake so, sai ka sayi mai tsadar da hujja.

Abu biyu a gurguje. Duba rubutun jikin bututu: mai 5.56 tana cin harsashin .223 ma, amma mai .223 kada a ba ta 5.56. In kuma farautar barewa ke ranka, wasu jihohi kamar Virginia da Colorado ba su yarda da wannan ƙaramin harsashi ba.

Tambaya ta biyu daga wani manomi a Katsina: "Ƙanena yana Amurka. Da halin da muke ciki na 'yan bindiga, zai iya sayo mini irin wannan ya sako a cikin kaya?"

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Baba. Amma a'a, kada ku fara. Fitar da bindiga daga Amurka ba izini laifi ne da zai iya cinye wa ƙanenka takardunsa da 'yancinsa, kuma a nan gida kwastam na kama ta kai ma ka shiga uku. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, na amfanin kai kamar bindigar farauta da ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai harba-ka-ruga irin ta maharba da kwamishinan 'yan sandan jiha yake ba da izininta. Ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha da kanka ka tambayi wacce ake ba da lasisinta a yanzu, kuma kada ka ba kowa kuɗi a waje da sunan zai samo maka takarda.