Ƙumbar da ke Zaune Cikin Murjani

Wani malamin makaranta a Maradi ya aiko da tambaya kan halittar teku da masana ke kira Pedum spondyloideum, wadda ke rayuwa a cikin murjani. Yana son sanin sunan da ya dace da ita a Hausa, da kuma ko za a iya ce mata kaɗangaren bakin tulu.

Malam, a ganina kalmar da ta fi dacewa ita ce ƙumba. Katantanwa da wuri kwasfa ɗaya gare su, ita kuwa wannan kwasfa biyu ne da ita masu buɗewa da rufewa, irin na ƙumbar da ake tsinta a bakin gulbi. Mutanen Maradi da Katsina suna kiran farcen yatsa da wannan sunan, kuma duk wanda ya dubi siffar kwasfar zai gane dalili.

Kalmar murjani ce ke buƙatar hattara. Daga Larabci muka aro ta, tana kuma cikin aya ta 22 ta Suratur Rahman. Amma jan murjanin da mata ke ado da shi ya fi fitowa daga tekun Bahar Rum, alhali wanda ƙumbar ke zaune cikinsa wani iri ne dabam, mai kama da curin dutse, galibi daga jinsin Porites, a ruwa mai ɗumi na Bahar Maliya da tekun Indiya da yammacin Pasifik. Tun tana ƙarama take liƙe wa jikinsa da wasu zaruruwa, shi kuma, da yake rayayye ne, ya yi ta girma har ya kewaye ta, sai leɓenta mai sheƙin shuɗi da jerin ƙananan jajayen idanu suka rage a waje.

Batun karin magana kuwa, rabinsa ne ya hau. Ba a iya ciro ta sai an fasa murjanin, wannan ya yi daidai da tulun. Sai dai kaɗangaren yana ɓata ruwa idan an bar shi, ita kuwa abincinta take tacewa daga ruwan teku, har masu bincike sun lura tana fesa ruwa da ƙarfi ta kori wani dabban teku mai ƙayoyi da siffar tauraro, wanda ke cinye murjani. Idan ɗalibanka na son karin magana a kanta, ka ba su "cuɗe ni in cuɗe ka".