Me ya sa matuƙan kwale-kwale ke jan ragamar hukumarsu?

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar. Ka ce wace irin al'ada ce wannan, mutum ya ajiye filafili ya shiga ofishin hukumar tseren kwale-kwale ta duniya, ya zauna shekara da shekaru, ko ba son kujera ba ne kawai?

Al'adar daɗaɗɗa ce. Hukumar, wadda aka daɗe ana kira FISA, yanzu kuma World Rowing, an kafa ta ne a Turin ta Italiya tun 1892, kuma daga 1958 zuwa yau mutum uku kacal suka shugabance ta, dukkansu tsofaffin matuƙa. Thomas Keller ya riƙe ta har rasuwarsa a 1989. Daga nan sai Denis Oswald, lauya ɗan Suwizalan, wanda ya ci lambar tagulla a Olamfik ta Meziko a 1968, ya kuma sake fafatawa a 1972 da 1976.

Ga abin da nake so ka duba da kyau. Oswald ba daga bakin ruwa ya haye kujerar ba. Sai da ya yi wa Keller babban sakatare tun daga 1978, yana rubuta wasiƙu, yana shirya taruka, yana kallon yadda ake sasanta ƙasashe idan sun saɓa. Mutumin da tafin hannunsa ya yi kanta, wanda ya san sammakon atisaye cikin sanyi, idan ya kafa doka 'yan wasa sun fi saurin amincewa da ita. A zamanin Oswald ne aka shigar da rukunin marasa nauyi cikin Olamfik, a Atlanta 1996, domin masu ƙaramin jiki daga Asiya, Afirka da Kudancin Amurka su ma su samu shiga. Ni wannan aikin ya fi burge ni a kan duk muƙaman da ya riƙe a kwamitin Olamfik na duniya, inda ya zama mamba a 1991.

Amma ba zan ce damuwarka ba ta da tushe ba. Shekara ashirin da biyar a kujera ɗaya ta yi yawa, sabon tunani kan rasa hanya. Oswald ya nemi shugabancin kwamitin Olamfik a 2013, Thomas Bach ya kayar da shi. A 2014 ya miƙa FISA ga Jean-Christophe Rolland na Faransa, wanda ya ci zinare a Sydney a 2000, kuma Oswald ya sauka ne da ransa da lafiyarsa.

Ka gaishe min da mahaifiyarka da ƙannenka.