Amsa: Shin ɗan wasan zari-ruga bashin hukumarsa ke kansa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda hukumar ƙasarsa ta raina ya ci amana in ya koma kulob na waje. A ganina abin da ya hau kansa shi ne cika kwantiraginsa, ba fiye ba.

Hukumomi ma ba su dogara da kara ba, doka suke kafawa. Ingila da New Zealand ba sa gayyatar mai wasa a waje. Illar hakan ta fito a 2022 da kulob ɗin Wasps na Ingila ya durƙushe: ɗan wasansa Jack Willis ya wayi gari ba aiki, ya koma Toulouse a Faransa, daga baya rigar Ingila ta haramta gare shi. Ina laifinsa? Afirka ta Kudu kuwa ta sassauta, ta ɗauki kofin duniya a 2019 da 2023.

Sauya ƙasa kuma dabam ne. Tun Janairun 2022, hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta yarda a sauya sau ɗaya: sai an shekara 3 ba a buga wa ƙasar farko ba, kuma an haifi ɗan wasan, ko iyayensa, ko kakanninsa a sabuwar ƙasar. Ta haka Charles Piutau, tsohon ɗan wasan New Zealand, ya buga wa Tonga a 2023.